Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen manhajar ajiye kwafin fayiloli, da yadda za a gyara su

Wata rana da la'asar ƙanwata ta shigo mini rungume da kwamfutarta. Tun safe ta ƙi tashi, kuma kundin kammala karatunta na ciki, aikin wata bakwai. Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Yaya, kada ka damu, ai ina da kwafi, duk abin da na rubuta ina zuba shi cikin D." Sai da na kwance na'urar na ɗora mata diskin a tafin hannu: abu guda ne, an raba shi gida biyu da suna kawai, C da D. Ɗaki ɗaya ne aka rataya wa labule a tsakiya, in rufi ya faɗo duka ɓangarorin yake dannewa. Allah Ya taimake ta rabin aikin yana cikin saƙonnin da ta riƙa tura wa malaminta. Sauran kuwa sai da ta sake zama ta rubuta.

Wannan kuskuren na fi gani a nan Damagaram, kuma yana zuwa tun kafin a kai ga maganar manhaja. D tana da amfaninta: in mai gyara ya goge Windows ya sake sakawa, abin da ke cikinta yakan tsira. Amma in diskin ne ya mutu, ko aka ɗauke kwamfutar, shi ke nan. Masu harkar suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku na duk abin da ba ka son rasawa, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki kuma a wajen gidanka. Ga mai kwamfuta ɗaya a gida, wannan na nufin na cikin kwamfutar, na diskin waje, sai na uku a intanet ko a gidan wani ɗan'uwa. Ka fara sanin inda kwafin zai zauna, sannan ka nemi manhajar da za ta kai shi can.

Kile, wadda ƴan Najeriya ke kira filash, ba ta cikin lissafin nan. Jakar kai saƙo ce. Ita ce ke yawo daga siba zuwa wurin fotokwafi, a can take kwaso birus ɗin nan da ke ɓoye dosiye ya bar maka gajerun hanyoyi na bogi a madadinsu. Wasu kuma tun daga kasuwa jabu ne: an rubuta jiga 64 a jiki, cikin bai kai haka ba, ka yi ta zubawa tana karɓa, ranar buɗewa ka tarar da shirme. Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta, H2testw, da ke cika kile ta sake karantawa ta faɗa maka ainihin girmanta. Araha dai ba ta ado.

Inda masu ilimin ma suke faɗawa

Wani malamin makaranta ya taɓa ce mini shi hankalinsa kwance yake, komai nasa na kan Google Drive. Na ce, "Malam, in ka goge fayil a kwamfutar, me ke faruwa da na can?" Ya yi shiru. Google Drive da OneDrive da Dropbox, in ka saka su a kwamfuta, babban aikinsu daidaita ɓangarori biyu ne, kamar madubi. Ka gyara nan, can ya gyaru. Ka goge nan, can ya goge. Yaro ya danne madannai ya ɓata maka takarda ya adana, ɓatacciyar ce za ta hau sama. Gaskiya suna da kwandon shara da ke riƙe abin da aka goge har kwana 30, kuma akan iya komawa tsohon fasalin fayil na ɗan lokaci. To, hotunan bikin bara fa, waɗanda ba za ka lura sun ɓace ba sai bayan wata huɗu?

Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa kowace manhaja ita ce: tana ajiye tsofaffin fasali? Wato in na ɓata takarda yau, zan iya ɗauko yadda take ranar Talatar da ta wuce? Abin ya ƙara nauyi tun da aka samu birus masu kulle fayiloli su nemi kuɗin fansa, irin WannaCry da ya bazu a ƙasashe kusan 150 a watan Mayun 2017. Madubi kullallun fayilolin zai kwafa ya ɗora kan masu lafiya.

Sai maganar girma da kuɗin forfe. Google na ba da jiga 15 kyauta, amma da Gmail da Google Photos ake rabon su. OneDrive jiga 5 ne, Dropbox jiga 2. A sabbin Windows, OneDrive yakan kama dosiyen takardu da na hotuna da fuskar kwamfuta ya fara turawa, ka haɗa da waya don duba saƙo guda, ka ga megoginka sun ƙare. Ni shawarata a raba kaya biyu. Takardu, lissafin shago, hoton takardar haihuwa da na fili da difloma, waɗannan ba su da nauyi, su hau intanet. Bidiyon suna da na biki, da karatuttukan malamai, su tafi diskin waje.

Manhajar kwafi mai suna FreeFileSync kyauta ce kuma ina son ta, domin kwafinta fayiloli ne na yau da kullum da za ka buɗe a kowace kwamfuta. Amma tana da rami. A fuskarta ana sa aikinka a hagu, wurin kwafi a dama; in ka zaɓi tsarin madubi, duk abin da ke dama za a mai da shi daidai da na hagu, har da gogewa. Mutum ya juya ɓangarorin, ya sa diskin da babu komai a hagu, ya share aikinsa da hannunsa. Kullum ka danna kwatantawa ka karanta jerin kafin ka yarda, kuma a saitunanta ka ce abin da za a goge a mai da shi wani dosiye na daban mai kwanan wata.

Wani kuskuren shi ne raina abin da ke cikin gida. Mutum zai biya jika guda ko biyu a saka masa babbar manhajar da aka fasa mata kulle, alhali tun Windows 8, a 2012, akwai File History a ciki, wanda a Windows na Faransanci, irin wanda ya fi yawa a nan, aka rubuta Historique des fichiers. Ka haɗa diskin waje, ka kunna, duk awa ɗaya yana ɗaukar abin da ya canza yana kuma riƙe tsofaffin fasali. Sai dai dosiyoyin da Windows ya tanadar maka yake bi: takardu, hotuna, bidiyo, sauti, fuskar kwamfuta. Wanda ya saba jibge kaya a D sai ya shigar da dosiyen cikin jerin da kansa, in ba haka ba an bar shi a baya. Masu Mac suna da Time Machine tun 2007. Fasasshiyar manhaja kuwa, ka ba ta izinin taɓa kowane fayil naka ba ka san abin da aka cusa mata ba. Wannan ajiyar nama ce a wurin kura.

Akwai manhajojin da ke kwafe diski gaba ɗaya, da Windows da komai, irin Clonezilla da Veeam Agent na kyauta. Mai shagon buga takardu da ba ya iya zaman kwana biyu ba aiki, ya dace da su. Mai gida da damuwarsa hotuna da takardu ce, ba dole ba ne.

Kalmar sirri kuma takan juyo kan mai ita. Manhajar kwafi Duplicati tana kulle kwafi da tsarin AES-256 kafin ta tura, abu mai kyau in kana ajiye bayanan mutane. Amma in ka manta kalmar, babu mai gyaran da zai buɗe maka, daga nan har Yamai. Haka BitLocker, mai kulle diski a Windows, makullinsa na gaggawa lambobi 48 ne. A rubuta a takarda, a sa inda ake ajiye takardun gida. A kuma duba lambar wayar da ke haɗe da asusun Google: da yawa layin da suka buɗe da shi ya ɓace tuntuni, ranar da aka aika lambar tabbatarwa sai ido ya raina fata.

Diskin wajen ma yana son a san zama da shi. Kada a bar shi a maƙale dare da rana, domin birus da ya shiga kwamfuta zai bi ta waya ya same shi, haka ma in wuta ta dawo da ƙarfi bayan an ɗauke. Kada a sa shi jaka ɗaya da kwamfutar, ɓarawo jakar zai ɗauka. Ƙurar hunturu da zafin Afrilu da yoyon damina duk ba masoyansa ba ne, kuma diski mai faifan da ke juyawa a ciki faɗuwa ɗaya daga kan kabu-kabu ta ishe shi. Ka duba lokacin da manhajar ta sa wa kanta: in tsakar dare ne, kwamfutarka a kashe take. Ka zaɓi rana guda, misali Juma'a bayan an sauko masallaci, ka haɗa, ka jira ta gama, ka cire ta hanyar da ta dace.

Na bar gwaji a ƙarshe don kusan ba wanda ke yi. Alamar kore da manhaja ke nunawa ba shaida ba ce. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka yau ɗin nan ka ƙirƙiri takardar gwaji, ka yi kwafi, ka canza rubutun, ka sake kwafi, sannan ka goge ta har daga kwandon shara. Yanzu ka dawo da fasalin farko. Ka ɗauki diskin ka kai kwamfutar wani, wadda ka san tana da lafiya, ka buɗe hotuna biyar da takarda biyu daga dosiyoyi dabam-dabam. In bidiyo mai nauyi ya ƙi shiga tun farko, duba tsarin diskin: FAT32 ba ya karɓar fayil da ya kai jiga 4, sai an mai da shi exFAT ko NTFS, kuma mayarwar takan goge abin da ke ciki, don haka a kwashe kayan tukuna. Ka maimaita gwajin duk wata uku, da kuma duk lokacin da kwamfutar ta dawo daga wurin mai gyara, domin sabon Windows bai san da saitin da ka yi a tsohon ba.