Yadda za ka zaga tsofaffin fadodin yammacin Sikotilan ba tare da ka sha wahala ba

'Yan uwa 'yan Zariya da ke karatu ko aiki a Gilasgo da Aberdeen, in an samu hutu a ɗan leƙa gaɓar yamma, can ne fadodin dutse na manyan dangogin ƙasar suke. Kamar yadda muke da Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa a Zazzau, su ma kowane gida da tarihinsa, Campbell a Inveraray, Maclean a Duart, MacLeod a Dunvegan.

Abu na farko dai lokaci. Yawancin fadodin nan daga Afrilu zuwa Oktoba suke buɗewa, da sanyi ya shigo sai a garƙame, to kar ka ɗebo jiki a Disamba ka je ka tarar da ƙofa a kulle ga duhu tun ƙarfe huɗu.

Ni shawarata ka yada zango a Oban kawai, kar ka ce sai ka ga komai. Jirgin ƙasa daga tashar Queen Street a Gilasgo wajen awa uku ne. Kusa da garin akwai Dunstaffnage, ginin ƙarni na 13 da 'yan MacDougall suka ɗora kan wani ƙaton dutse, bangon kauri kamar me. Washegari ka hau jirgin ruwan CalMac zuwa Craignure a tsibirin Mull, bai kai awa ɗaya ba, kuma ka tsaya a waje saman jirgin ko da iska na kaɗawa, don tun daga kan ruwa za ka hango Duart zaune a bakin tsauni, wallahi wannan kallon kaɗai ya biya kuɗin tikiti. In da mota za ka tsallaka ka kama gurbi a jirgin tun da wuri, da bazara cika yake, kuma ka riƙe lokacin jirgin ƙarshe a kai in ba haka ba kwanan tsibiri ya kama ka.

Eilean Donan da kowa ke ɗora hotonta tana can arewa hanyar tsibirin Skye, tafiya ce ta daban. Tana da kyau ba ƙarya, amma a sani jiragen ruwan yaƙin Birtaniya sun ragargaza ta a 1719, wadda ake gani yanzu sake gini ne da aka gama a 1932.

Tikitin Explorer Pass na hukumar Historic Environment Scotland, wanda ake shiga wuraren tarihi da yawa da shi, zai shigar da kai Dunstaffnage, amma Duart da Dunvegan da Inveraray na iyalan ne, kowacce da kuɗinta.

Ka tafi da rigar ruwa da takalmi mai kama ƙasa, matakalan ƙunci gare su ga santsi. Akwai wasu mitsi-mitsin ƙwari masu cizo da yamma, ka sayi maganin shafawa. Naman halal kuma ka yo guzuri daga Gilasgo, in kifi da dankali za ka ci ka tambaya da wane mai aka soya.