Darasi na Bakwai: Zuciyar Yaro da Abincin da Ke Gina Ta

Dunƙule hannunka ka duba. Kusan girman zuciyarka ke nan. Tsoka ce kamar ta damtse, sai dai ita ba ta hutu. A jikin babba takan buga wajen sau 100,000 a kwana ɗaya, tana harba jini ko'ina. Tun ciki bai kai wata biyu ba ta riga ta fara bugawa.

Da furotin jiki yake gina tsoka. Ana samun sa a wake, waken suya, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, awara, nono, ƙwai, kifi, nama da fara. Tuwo da kunu suna ba da ƙarfi, amma furotin ɗinsu bai isa yaro ba. Rogo da gari kuwa kusan babu.

Yawancin ƙwayoyin tsokar zuciya ana yin su ne tun yaro yana ciki, da ɗan lokaci bayan haihuwa. Daga nan ba sa ƙaruwa sosai, sai dai kowace ta ƙara girma. Kamar ginin da aka tayar da tubali bai cika ba ne: ɗakin zai tsaya, amma kowane tubali ya ɗauki nauyin da ya fi nasa. Masana sun gwada da ɓeraye masu ciki, suka rage musu furotin. 'Ya'yan sun zo da ƙarancin waɗannan ƙwayoyi, da suka girma kuma jininsu ya hau. A Ingila, wani likita mai suna David Barker ya bi tsofaffin takardun haihuwa a shekarun 1980. Ya ga cewa ciwon zuciya ya fi kashe waɗanda aka haifa ba nauyi. Wannan ba ya nufin duk ɗan da ya zo ƙarami zai kamu. Haɗarin ne ya fi yawa, shi ya sa kwanon mai ciki da mai shayarwa ya kamata a fara dubawa.

Lokacin yaye ma akwai wuya. An cire yaro daga nono, sai kunu tsararo safe da yamma. Wata rana a ga ƙafafunsa sun kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, ba ya wasa, ba ya son abinci. Wasu ma har cewa suke yi ya yi ƙiba. Danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, ka ƙirga uku, ka ɗaga. In gurbin yatsa ya zauna, ruwa ne, tamowa ce mai tsanani. A kai shi asibiti a ranar.

A nan iyaye da yawa suke ɓata rai. Sun zo da yaro a galabaice, suna jiran a sa masa ƙarin ruwa, malamin asibiti ya ƙi. Ba wulaƙanci ba ne. Zuciyar mai tamowa ta rame kamar sauran jikinsa, ba ta iya tura jini da ƙarfi. In aka ɗura masa ruwa ta jijiya da sauri, sai ya fi ƙarfinta, huhu ya cika, numfashi ya gagara. Don haka sai in rai yana hannun Allah ake sa ruwan, shi ma a hankali. Abin da ake fara ba shi wata madara ce mai suna F-75, kaɗan-kaɗan, dare da rana. Kada a ɗauke shi a kai wa mai kemis ya sa masa ruwa a gida.

Ga garin kunu mai gina jiki, na yaron da ya cika wata 6. Auna gero ko dawa gwangwani 6, waken suya gwangwani 3, gyaɗa gwangwani 1. Tsince gyaɗar, a zubar da mai ɗaci da wadda ta yi funfuna. A jiƙa waken suya, a shanya, a soya sama-sama har ƙarnin ya fita, a sheƙe ɓawon. A soya sauran daban-daban, a haɗa a kai inji. A dama da kauri, yadda zai zauna a cokali. Nono kuma ya ci gaba har shekara 2.

Saura zancen ƙwai. An ce yaron da ya saba da shi zai yi sata. Wannan magana ba ta da tushe, ta kuma hana yara abinci mai kyau. Maigida, in kaji suna yi a gidanka, a dafa wa yaro da uwarsa kafin a kai saura kasuwa.

Aiki: rubuta sunayen abinci biyar masu furotin da ake sayarwa a kasuwarku, da kuɗin kowane. In za a auna gero gwangwani 12, waken suya gwangwani nawa za a sa, gyaɗa nawa?