Yadda ake tsara ontoloji don tsarin ban ruwa mai na'urori

A gonar shinkafar rani mai na'urori, a ce a filayen da dam ɗin Bakolori ke shayarwa wajen Talata Mafara, ƙarfe da manhaja aiki ɗaya suke yi: na'ura ta auna damshin ƙasa, kwamfuta ta yanke shawara, famfo ya tashi. Ontoloji shi ne rubutaccen bayanin da kwamfuta ke karantawa ta san mene ne kowane abu, da me yake haɗe kuma.

Kada ka buɗe Protégé, manhajar rubuta ontoloji, tukuna. Fara zama da mai kula da ruwa, ku rubuta tambayoyi 10 zuwa 15 da tsarin zai riƙa amsawa. Misali: in famfo na 3 ya tsaya, waɗanne gonaki ne za su rasa ruwa? Duk abin da babu tambayar da ta nemi shi, bar shi a waje.

Sannan ka ari abin da aka riga aka gina. SOSA, ontolojin da ƙungiyoyin tsara ƙa'idojin fasaha W3C da OGC suka fitar a 2017, yana da na'urar awo, abin da ake aunawa, sakamakon awo da na'urar da ke aiwatar da umarni. QUDT kuma ontolojin ma'auni ne. Naka aikin shi ne ƙara magudana, ƙofar ruwa, famfo, faifan sola da batir.

Inda aka fi yin kuskure shi ne haɗa na'ura da gurbinta a abu ɗaya. Gurbin "famfon magudana ta 2" daban, injin da ke zaune a wurin mai lambarsa ta kamfani daban, sai ka haɗa su da ranar sakawa da ranar cirewa. In ba haka ba, ranar da injin ya ƙone aka kawo sabo, tarihin gyaran tsohon zai koma kan sabon. Haka nan ka raba alaƙa uku: wannan ɓangaren wancan ne, wannan yana ba wancan ruwa, wannan yana ba wancan wuta. In ka dunƙule su a "yana haɗe da", tambayar famfo na 3 ba za ta amsu ba.

Kowane awo ya zo da ma'auninsa da lokacinsa a UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, domin agogon Najeriya na gaba da awa 1. Awon kansa kuwa ajiye shi a rumbun bayanai irin InfluxDB. Na'ura 40 masu turo awo duk minti 5 suna tara 11,520 a rana, ontoloji ba wurinsu ba ne.

OWL, harshen da ake rubuta ontoloji da shi, ba ya ɗaukar rashin bayani a matsayin kuskure, don haka famfon da aka manta ba a rubuta masa tushen wuta ba, zai wuce shiru. SHACL, harshen rubuta dokokin tantance bayanai, shi ne ke kama wannan. Rubuta dokar cewa kowane famfo sai da tushen wuta ɗaya aƙalla, ka mayar da tambayoyin farko zuwa SPARQL, harshen yi wa ontoloji tambaya, ka sake gwada su duk sanda aka canja ko da bawul ɗaya a fili.