Kurakuran da ake yi a takardar cinikin injin cire gishiri daga ruwa

Teku ta yi wa Zariya nisa, amma masu kamfanin fiya wata a Sabon Gari da Samaru suna sayen injinan gyaran ruwa, kuma idan ciniki ya lalace takardar ake kawo mana, mu lauyoyi.

Kalmar da ta fi cin mutane ita ce "tace ruwa". Wani dattijo ya zo ofishina da gora a hannu, ya ce, "Lauya, ɗanɗana ka ji, har yanzu da zartsi." Na ɗanɗana, gaskiyarsa. Amma takardarsa injin tace ruwa ta ce, shi kuma aka kafa masa, tankin yashi da gawayi. Irin wannan matata, laka da datti take kamawa, gishirin da ya narke kuwa wucewarsa yake yi. Na ce, "Baba, mai kayan bai saɓa alkawari ba." Da an rubuta "cire gishirin da ya narke", aka ambaci injin da ke matsa ruwa ta cikin tantani, da mun sami abin kamawa a kotu.

Sai masu haɗa ruwan teku da ruwan zartsi a suna ɗaya, wai "ruwan gishiri". Litar ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, na rijiya mai zartsi sau da yawa bai kai 10 ba. Ƙarfin injin da kuɗin wutarsa ba ɗaya ba ne; irin injin ruwan teku na Shu'aiba a Saudiyya da ke shayar da Makka daban yake da na burtsatsen gida. A gwada ruwan, a liƙa sakamakon a jikin yarjejeniya.

"Ruwa mai daɗi" ma ba ma'auni ba ne, alƙali ba zai yi hukunci da harshensa ba. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta 2007 ta tsayar da miligiram 500 na narkakkun sinadarai a lita. Lambar za a rubuta.

Abin da kusan kowa ke mantawa shi ne ragowar ruwan da injin ke tofarwa, wanda gishirinsa ya ninku. A injin teku kusan rabin abin da ya shiga ke nan. A fayyace wanda zai zubar da shi da inda za a zuba, tun kafin ya bi kwata ya ƙone lambun maƙwabci, a kira hukumar kare muhalli ta NESREA.