Idan feshi ya daina kashe tsutsa: yadda mai lambu zai riƙa juya magani

Kukan da masu lambu ke yi a Ojo, Iba da Ikorodu a jihar Legas iri ɗaya ne: maganin da ya kakkaɓe tsutsar kabeji bara, bana ko gezau ba ta yi. Kafin ka ɗora wa tsutsa laifi, duba kwalbar tukuna, ko akwai lambar NAFDAC, ko wa'adinta ya wuce. Duba bakin famfon goyonka ko ya toshe. Ka kuma tuna lokacin da ka yi feshin, domin tsutsar da ta riƙa ta shige zuciyar masara ko cikin ɗan tumatir magani ba ya riskarta, ruwan saman Legas kuwa kan wanke ganye kafin feshi ya bushe.

In duk wannan lafiya lau ne, yi gwaji. Tsinto ƙananan tsutsa 20 ka raba su biyu. Tsoma ganye a haɗin da takardar maganin ta faɗa, wani ganyen a ruwa zalla, su sha iska, ka sa kowane a robarsa mai ƙananan huji da tsutsa goma. Bayan kwana 3, in na robar magani suna ci kamar 'yan uwansu, jinin tsutsar gonarka ya canza.

Abin gado ne. Kowane magani yana da gurbin da yake kamawa a jikin ƙwaro, kamar mabuɗi da kwaɗo. Masu suna da ya ƙare da "thrin" a jikin kwalba, irin su cypermethrin da lambda-cyhalothrin, wata ƙofa suke kamawa a jijiya. Ɗan canji guda a ƙwayar gado, wanda masana ke kira kdr, ya isa ya sauya kwaɗon. Chlorantraniliprole a tsoka yake aiki, shi ma an samu canjin da ke kauce masa a tsutsar kabeji, mai lamba G4946E. Hanya ta biyu ta fi muni: tsutsa ta gaji yawan sinadaran ciki da ke narkar da guba kafin ta yi aiki, wannan kuwa kan shafi magunguna da ba dangin juna ba.

Nan ne awo yake da muhimmanci. Tsutsa tana gadon ƙwaya ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kuma a wasu magungunan sai ta haɗa biyun take jurewa sosai. Ɗauka a gonarka ƙwaya ɗaya cikin 100 ce mai canjin. Tsutsa ɗaya cikin 10,000 ce za ta haɗa biyu, amma kusan ɗaya cikin 50 tana ɗauke da guda. Cikakken awo zai kashe masu ƙwaya gudan. Rabin awo, irin na mai tattalin kwalba, zai bar su da rai ya share musu sauran. Su haɗu da juna, kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu su fito da biyun. Saboda haka auna da sirinji ko kofin awo, bisa litar famfonka, 15 ce ko 16. Murfin kwalba ba ma'auni ba ne.

Legas ba ta da sanyin da zai tsayar da haihuwa, lambu kuma ba ya hutawa duk shekara. Tsutsar kabeji tana zagayowa daga ƙwai zuwa ƙwai cikin sati 2 zuwa 3. Tsutsar tumatir da manoma ke kira Sharon, wadda ta cinye tumatirin Kano da Kaduna a 2016 har kwando ya gagari mutane a kasuwar Mile 12 ta Legas, wata ɗaya ya ishe ta, mace guda kuma tana iya zuba ƙwai 260. Tsutsar masara da aka fara ganowa a Najeriya a 2016 ɗin daga nahiyar Amurka ta zo, inda ta daɗe tana shan feshi.

Sauya suna ba sauya magani ba ne, lambar rukuni ake bi, wato lambar da ke nuna gurbin da magani yake kamawa. Duk masu "thrin" 3A ne. Profenofos da dimethoate 1B, spinosad 5, emamectin benzoate 6, Bt (maganin da ake samu daga bakteriya) 11A, indoxacarb 22A, chlorantraniliprole da flubendiamide 28. In babu lambar a kwalba, nemi sunan sinadarin a ƙananan rubutu. Raba kakar zuwa zango na kwana 30, kimanin rayuwar tsara ɗaya. A zango guda tsaya kan rukuni ɗaya, feshi bai wuce biyu ba, zango na gaba ka koma wani rukunin, don 'ya'yan waɗanda suka tsira su tarar da abin da ba su gada kariyarsa ba. Kwalba mai haɗi biyu, kamar Ampligo mai 28 da 3A, ka ƙirga ta a duka rukunan. Gamin gambizar da ake yi a bokiti, kowane magani rabi rabi, koya wa gona jure biyu ne a lokaci guda.

Uwar tsutsa tashi take da dare, ba ta san iyakar komin kowa ba. In kai ka bar rukuni 28 maƙwabcinka yana zuba shi duk sati, aikinka ya tafi a banza. Masu lambu a fili ɗaya su zauna su tsayar da rukunin da kowa zai fesa a kowane wata.

Rage yawan feshin ma yana cikin aikin. A masara, zaga gona ka tsaya wuri 5, ka duba tushe 10 a kowane; in masara ƙarama ce kuma sabon ci bai kai tushe 10 cikin 50 ba, murtsuke ƙwai da hannu ya wadatar. Bt da ruwan 'ya'yan darbejiya da yamma ake fesa su, rana tana kashe ƙarfinsu, kuma ƙananan tsutsa suke kamawa. Bayan girbi tuge ragowar kabeji da tumatir ka binne da zurfi, kada ka dasa sabo gefen tsoho. Alayyafo da latas kuwa, tunda yanka ba ya nisa, karanta kwanakin jira tsakanin feshi da girbi kafin ka buɗe kwalba.