Galan ɗaya, wuri biyu: kurakuran da aka fi yi wajen zaɓar man giya da man aksul na motar gudu

Wata ranar Asabar wani matashi ya shigo garejinmu da Nissan 350Z shuɗiya, Beljiyam, ko wata uku ba ta yi a hannunsa ba. Tun daga bakin ƙofa na ji lokacin da ya nemi giya ta biyu: ƙurrr, kamar an tura cokali cikin injin markaɗe. Ya fito ransa a ɓace.

"Oga, giyabos ɗin nan ya mutu. Nawa zan samu wani?"

Na ce, "Yi haƙuri tukuna. Yaushe rabonka da canja mai?"

"Ai abin haushin ke nan. Makon jiya na canja, kuma mai tsada na saya."

Ya buɗe but ya ɗauko galan mai lita biyar, da ɗan saura a ciki. A jikinsa an rubuta 85W-140, wato kaurin man, da GL-5, wato ajinsa a cikin man giya. Mai shago ya ce masa ƙasarmu zafi gare ta, sai mai kauri. Yaron da ya yi aikin kuma ya ɗura wa giyabos, ya juya ya ɗura wa aksul daga galan ɗin nan guda. Littafin motar kuwa abu biyu ya nema: 75W-85 GL-4 a giyabos, kusan lita 2.9, da 80W-90 GL-5 a aksul ɗin baya, kusan lita 1.4. Muka juye, muka zuba abin da ya dace, bayan kwana uku ya bugo waya yana dariya. Ya yi sa'a, mako guda kawai man ya yi a ciki.

Kuskuren nan shi ne uban sauran, don haka a kansa zan fi daɗewa.

Giyabos da aksul duk haƙoran ƙarfe ne ke cizon juna, amma aikinsu ya sha bamban. A cikin aksul, wato difaranshal, ƙaramin haƙorin da ke shigo da ƙarfin inji yana zaune ƙasa da tsakiyar babban faifan. Saboda wannan zama, haƙoran suna murzar juna suna kuma zamewa a kan juna a lokaci guda, ƙarƙashin nauyi mai yawa. Mai na gama-gari matsewa yake yi ya fice, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Shi ya sa ake cika GL-5 da sinadaran farar wuta da fosfaras, waɗanda idan wuri ya yi zafi suke shimfiɗa wata fata a kan haƙori, ita ta ci duka a madadin ƙarfen. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tashi idan an kwance aksul, na farar wutar nan ne. GL-4 yana da kusan rabin wannan sinadari.

A giyabos na hannu kuwa akwai zoben sinkuro, galibi na tagulla, wanda shi ƙaramin birki ne. Idan ka tura giya, zoben yana kama wani mazugin ƙarfe ya daidaita gudun haƙoran biyu kafin su shiga juna. Birki kuwa sai da gogayya. Ka ba shi mai da santsinsa ya yi yawa, sai ya yi ta zamewa, haƙora su haɗu gudunsu bai zo ɗaya ba, ka ji ƙarar nan da ke sa fasinja ya kalle ka kamar ɗan koyo. A da akwai ƙarin matsala: tsofaffin nau'o'in GL-5 suna cin tagulla idan sun yi zafi. Na zamani an rage musu wannan hali sosai, amma santsin yana nan daram.

Mutane suna ganin 5 ta fi 4, sai su ɗauka GL-5 ya fi GL-4 inganci, kamar sabuwar waya da tsohuwa. Lambar nau'in aiki take nunawa. Idan kuma aka juya kuskuren, aka zuba GL-4 a aksul, ɓarnar ta fi muni, domin ba ta yin gargaɗi da wuri. Wata rana dai za ka ji bayan mota ya fara kuka, wuuu, yana ƙaruwa da gudu, kuma haƙorin da ya riga ya karce babu man da zai mayar da shi.

Akwai kuma MT-1 da ake gani a jikin wasu galan. Wasu suna karanta MT su ce ai na manuwal ne. Na manuwal ne, amma irin na manyan motoci da bas-bas waɗanda giyarsu ba ta da sinkuro. Wannan tambari shi kaɗai bai ce komai a kan motarka ba.

To, kada wani ya haddace "GL-4 a giya, GL-5 a aksul" ya tafi yana wa'azi da shi, don nan ma rami ne. Subaru WRX mai giya biyar tana da difaranshal na gaba a cikin giyabos ɗin kansa, mai ɗaya suke sha. Littafinta GL-5 75W-90 ya ce, kuma duk wanda ya yi mata dabarar GL-4 don giya ta yi laushi, haƙoran gaba yake sadaukarwa. Honda S2000 tana son Honda MTF, wato man giyar hannu na kamfanin, tsinkakke ƙwarai, aksul ɗinta kuma SAE 90 GL-5. Giyabos ɗin Tremec T-56 da ke cikin Corvette C5 da Camaro na wancan zamani jan man otomatik yake sha, Dexron III, duk da cewa da hannu ake sa giyarsa. BMW E36 da yawa ma haka suke, shi ya sa kamfanin yake manna takarda a gefen giyabos ya faɗi irin man. A goge dattin wurin a karanta kafin a taɓa komai. Na sha ganin bakanike ya kwance irin wannan, ya ga jan mai yana zuba, ya girgiza kai ya ce wanda ya yi aikin baya bai san aiki ba, ya ɗura mai lamba 90. Washegari da safe sai mai mota ya sa hannu biyu kafin giya ta ɗaya ta shiga.

Toyota 86 da 'yar'uwarta Subaru BRZ, waɗanda suka fito a 2012, suna rikita mutane ta wata fuskar. Littafinsu ya ce GL-3 75W-90 a giyabos, ga shi GL-3 an daɗe da daina amfani da shi a matsayin ma'auni, da wuya ka gan shi a shago. GL-4 mai wannan kauri shi ne ya gaje shi. Aksul ɗinsu 75W-85 GL-5.

Sai maganar kauri, wadda mai shagon nan ya kafa hujja da ita. Gaskiya ne a watan Afrilu zafi a Kano ko Sakkwato yana haura digiri 40. Amma man da ke cikin giyabos na motar da ake gudu da ita ya saba aiki a zafin da ya ninka wannan, kuma lambar ƙarshe, 85 ko 90 ko 140, an auna ta ne a digiri 100. Wanda ya ƙera motar ya riga ya yi wannan lissafi. Mai lamba 140 a giyabos yana makalewa tsakanin zobe da mazugi, zoben ya kasa matse shi ya fitar da wuri, giya ta yi tauri, musamman da asubar hunturu. Yana kuma ƙara zafi da kansa, don haƙora sai sun yi ta dama shi kamar kunu.

Lambobin ma suna yaudara. Ma'aunin man giya daban ne da na baƙin mai. Man giya 75W-90, idan ya yi zafi, kaurinsa bai wuce na baƙin mai 10W-40 da wani abin kirki ba. Wanda bai san haka ba yakan ga 90 ya tsorata, ko ya ga baƙin mai 20W-50 ya ce ai wannan ma zai yi. Kaurin zai iya zuwa kusa, sinadaran ciki ne ba ɗaya ba. Honda ta yarda a zuba baƙin mai 10W-30 ko 10W-40 a giyabos ɗinta idan an rasa MTF, amma na wucin gadi, kafin a samo na ainihi. A aksul kuwa baƙin mai ba shi da wurin zama ko na kwana ɗaya.

Inda 75W-140 yake da amfani shi ne aksul ɗin da aka rubuta masa shi, kamar na Ford Mustang GT da yawa, ko motar da ake wasan juya taya da ita har hayaƙi ya tashi. Wannan wasa yana dafa aksul sosai.

Kuskuren da ya fi ɓoyuwa shi ne rashin sanin irin aksul ɗin da ke ƙarƙashinka. Motocin gudu da yawa suna da LSD, wato aksul mai hana taya ɗaya yin juyin banza ita kaɗai idan ta rasa kamu. Iri uku aka fi gani. Akwai mai faifan kuloci a ciki, irin na Mustang da BMW M3 E36. Wannan yana son mai da aka rubuta wa LS, wato wanda aka haɗa don irin wannan aksul, ko a ƙara masa 'yar kwalbar sinadarin rage gogayya. Ta Ford ana kiranta XL-3, kusan mililita 118. Idan babu, kana shan kwana a hankali, kamar wajen fakin, za ka ji bayan mota yana kakkarwa, gab-gab-gab, kamar taya tana tsalle. Mutane sun sha canja bushi da shokoba a banza kan wannan ƙara. Idan kuma aka zuba kwalba biyu don neman lada, faifan ya yi ta sulɓi, aksul ɗin ya koma kamar na kowace mota. Akwai Torsen, irin na S2000 da 86 da MX-5 da dama, wanda haƙora ne zalla, ba ya buƙatar a ƙara masa wata kwalba. Sai mai ruwan silikon, irin na 350Z ɗin yaron nan, wanda ruwansa a rufe yake cikin gwangwaninsa, ba ya haɗuwa da man aksul sam.

Gwajin gareji: a ɗaga tayoyin baya duka biyu, a cire giya, a juya ɗaya da hannu. Idan ɗayar ta bi ta gefe guda, mai kuloci ne ko mai silikon. Idan ta juya baya, ko aksul na gama-gari ne ko Torsen, don shi idan ba nauyi a kansa yakan yi kamar ba shi ba ne. A nan sai an duba lambar shasin mota. Man LS kuma kada ya kusanci giyabos, domin an ƙara masa santsi da gangan, abin da zoben sinkuro ya fi ƙi.

Man awo, wanda ake tsiyayowa daga duro zuwa gorar ruwa, ba zan ɓata baki a kansa ba. Abin da ba shi da rubutu ba ka san GL nawa ba ne. Galan ma a duba hatimin murfinsa.

Ko da an sayi mai daidai, ana ɓata aikin a kan rami. A fara kwance murfin zubawa na gefe kafin na juyewa na ƙasa. Ni kaina na taɓa yin akasin haka ina yaron gareji: mai ya tsiyaye tas, murfin sama ya ƙi motsi, kansa ya cinye a bakin sifana, motar mutane ta kwana biyu a kan rami, maigidana bai yi mini magana ba sai da ido. A kuma tabbata murfin ne aka kama, don a gefen wasu giyabos akwai ƙusoshi masu kama da shi waɗanda ke riƙe da kayan ribas a ciki; ka zare ɗaya, sai an sauke giyabos. Mota ta tsaya daidai, kada a ɗaga gaba kawai da jak, in ba haka ba awon zai yi ƙarya. A zuba har mai ya fara leƙowa ta bakin ramin, a jira ya tsagaita, a sa sabuwar wosha, a ɗaure ba da ƙarfin tuwo ba, don gidan alminiyam ne, zarensa ba ya jure wulaƙanci.

Murfin ƙasa yana da maganaɗisu. A duba shi kafin a goge. Baƙin laushi kamar kwalli ba komai ba ne. Ƙyalli mai ruwan zinariya a cikin tsohon man giya zoben sinkuro ne ke cinyewa a hankali. Gutsattsarin da za ka iya ɗauka da farce kuwa, haƙori ne ko boris, sabon mai ba zai rufe wannan ba.

Motar da aka sayo Beljiyam, shawarata a canja duka biyun a makon farko, ko da dillali ya rantse an yi. Daga nan ni nakan ce kowace kilomita 40,000 zuwa 50,000, mai wasa da mota kuma ya rage sosai. Damina tana da nata hukunci. Motocin nan gajeru ne, kuma aksul yana da ɗan bututun numfashi a samansa. Idan ya yi zafi aka tsunduma shi cikin ruwan da ya kwanta a titi, yana hucewa nan take ya zuƙo ruwa ta bututun nan. Duk ranar da ruwa ya kai tsakiyar taya, a kwance murfin gefe a tsoma yatsa. Idan man ya fito kamar shayi da madara, a juye a ranar, a sake juyewa bayan 'yan kwanaki, don ruwa yakan laɓe a cikin boris.