Yadda ake ɗinka ƙyallen sauke tukunya da fisis ɗin tela

Ni dai abin da ya sa na fara ɗinka wannan abu, gajiya na yi da sauke tukunya da bakin zani. Wata ran kuma ki duba tsumman ki rasa, yara sun ɗauka sun goge takalmi da shi, ga shinkafa tana kamawa a kan gas. Alhali duk shagon telan da kika leƙa a nan Agege, ko Idi-Araba, za ki ga buhun fisis, wato ragowar guntayen ƙyalle, jingine a bayan keke, ƙarshenta bola za a kai. Na ce wa telanmu, Malam don Allah a riƙa ajiye min, ya yi dariya ya ce Hajiya ai kin rage min kuɗin masu kwasar shara.

Toh kafin ki taɓa almakashi, zauna ki tsince ƙyallayen, don nan ne aikin yake gaskiya. Auduga zalla ake so. Atamfa ta ainihi, shadda ta auduga, kaki, tsohon wandon jins, duk suna yi. Leshi, material mai santsi, da atamfar nan mai roba-roba da ta cika kasuwa yanzu, ajiye su gefe komai kyansu. In kina shakka yanki ɗan ƙarami ki riƙe da bakin almakashi ki kyasta masa ashana a waje, da ruwa a kusa da ke. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi da za ki murje da yatsa. Mai roba kuwa tattarewa yake ya narke, ya yi warin leda, ya bar wani baƙin dunƙule mai tauri. Wanda ya narke a gaban ashana haka zai narke a jikin tukunya, kuma narkakkiyar roba in ta manne a fata ta fi wutar kanta ɓarna.

Na farkon da na yi wallahi ya yi kyau, har hoto na ɗauka, amma soson nan na teloli na cusa a ciki don ya yi tudu. Ranar suna a gidanmu na ɗaga murfin babbar tukunya da shi a kan gawayi, sai na ji wani wari, na duba gefe guda ya shanye ya lotsa kamar an taka biredi. Tun daga nan ba soso, ba takardar gam ɗin da ake mannawa a wuyan riga. Tsohon tawul nake sawa, ninki 2. In babu a gida, a gwanjon Katangua ana samun tawul masu kauri da araha, in ma ya ɗan tsufa ba komai tunda ciki zai shiga ba mai ganinsa.

Wanke komai tukunna, ki shanya ki goge. Sabuwar atamfa tana da sitaci, wata tana zuba, kuma auduga tana ɗan tsukewa a wankin farko, in ba ki wanke ba sai bayan kin gama ɗinki abin ya murɗe.

Yanzu fuskar. Yanka murabba'i guda 9, kowanne inci 3 da rabi ta ko'ina. Ni kwalin indomie na yanka na yi ma'auni, ina ɗorawa ina zagayewa da alli, ya fi min sauri da auna kowanne da tef. Jera su uku-uku a ƙasa ki kalla, mai duhu kusa da mai haske. Haɗa kowane layi, kina cin kwatan inci a bakin ɗinki, sannan ki haɗa layukan uku, zai ba ki inci 9 da rabi. Ki danne bakin ɗinkin da dutsen guga duk lokacin da kika haɗa, layi na farko ya kwanta dama, na biyu hagu, na uku dama, ta haka mahaɗar ba za ta yi ƙulu ba. In fisis ɗinki dogaye ne sirara kar ki wahalar da kanki, jera su tsaye kawai ki haɗa har faɗin ya kai.

Bayan kuma ƙyalle ɗaya ne, inci 10, ni jins na fi so don shi ke taɓa tukunya kuma baya nuna baƙi. Tawul ɗin ma inci 10. Shimfiɗa jins fuskarsa na kallon ƙasa, tawul biyu a kai, fuskar atamfa a sama tana kallonki. Kafa fil, ko ki bi da allurar hannu da manyan tsalle ki riƙe su.

Sai hawa keke. Sa allura lamba 16 ko 18, ƙarama karyewa za ta yi, ki kuma buɗe tsallen ɗinkin ya yi tsawo. Keken ƙafa Butterfly yana cin wannan kaurin lafiya lau, ba ruwanki da an kawo wuta ko an ɗauke. Fara daga kusurwa zuwa kusurwa ta tsakiya, ki sake ta ɗaya ɓangaren, sannan ki cike da layuka tazarar inci ɗaya, daga tsakiya kina fita waje. Kar ki ja ƙyallen, bar keke ya ja da kansa, in kika ja fuskar ce za ta tattare. Kuma kar ki cika layukan da yawa wai don kyau, in kika danne tawul ɗin ya zama kamar faifai zafi zai riƙa ratsowa, ɗan tudun nan da ke tsakanin layuka shi ke tare hannunki. In ba keke, allura da zare ninki biyu sun isa, hira ɗaya ce ta bayan isha'i.

Datse gefuna ya dawo kamar inci 9. Ɗora kofin shayi a kusurwa uku ki zana ki zagaye su, ta huɗun ki bar ta da tsininta. Sai bayas, wato dogon ƙyallen da ake rufe baki da shi. Na kasuwa siriri ne baya rufe wannan kaurin, gara ki yanka naki a karkace, faɗin inci 2 da rabi, tsawo wajen inci 45, in bai kai ba ki yi jon. Ninke bakunan biyu zuwa tsakiya ki goge, ki sake ninkewa biyu. Fara daga kusurwar mai tsini, ki sa bakin abin a cikin bayas ki bi a hankali ki zagayo, in kin dawo inda kika fara kar ki yanke, ci gaba da ɗinke jelar ita kaɗai kamar inci 5, lanƙwaso ta baya ki danne da ɗinki sau uku. Marataya kenan.

Ki yi biyu, tukunya kunne biyu gare ta. Abu ɗaya kuma, kar ki taɓa ɗaukar abu mai zafi da shi in yana da danshi, ruwan da ke ciki tururi yake zama ya dafa miki yatsu nan take. Da damina a Legas kin san yadda shanya take, tawul ninki biyu sai ya kwana biyu a igiya waje ya bushe ciki da sanyi-sanyi, shi ya sa nawa guda huɗu ne, biyu na ƙusa nesa da bakin gas, biyu na igiya.